Maccido, Bakaniken da Ke Rage wa Babur Gudu

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu a Wurno, Malam Maccido ba ya komawa shimfiɗa. Yakan shiga gida ya sha kunun da matarsa Bara'atu ta dama, ya rataya tsohuwar rigar aiki a kafaɗa, ya bi gefen hanya har rumfarsa da ke ƙarƙashin dogon yaro, a bakin titin da ke shigowa gari. Shara yake fara yi. Sannan ya shimfiɗa buhu ya jera sifanoni, ƙanana a hagu, manya a dama, kowace a gurbinta. Da can don son tsari yake yin haka. Yanzu kuwa dole ce, domin yanar ido ta fara rufe masa gani, lambar da ke jikin sifana ba ya ganinta, sai dai hannu ya je inda ya saba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan jere, kuma ya faɗa wa maƙwabcinsa Attahiru mai faci cewa da an yi girbin bana zai naɗe buhun.

Kafin ya naɗe, ya kamata a faɗi wani abu a kansa. Mu mutanen nan mun iya yabon mutum, amma sai bayan an kai shi makwanci, lokacin da kunnensa ba ya ji.

Samarin kabu-kabu Baba Sannu suke ce masa, kuma ba da yabo suke faɗa ba. Dalili shi ne, kowane bakanike ka kai wa babur zai yi maka alkawarin gudu, shi kuwa Maccido rage maka gudun yake yi. Kafin ya taɓa ko da fulogi sai ya yi maka tambaya biyu: "Ina kaka zuwa da shi? Mi kaka ɗauka?" In ka ce Sakkwato kake zuwa bisa kwalta kai kaɗai, ya nuna maka rumfar wani. In ka ce yashi kake shiga da kaya, ya ce ka kafe babur ka zauna. A wurinsa gudu daban, ja daban. Gudu shi ne abin da babur ke yi in ya riga ya miƙe hanya. Ja shi ne ƙarfin da yake tashi da shi daga tsaye, da kaya a bayansa, ƙasa tana riƙe da tayarsa. Ƙasarmu kuwa kwaltarta gajera ce, yashinta ne mai tsawo.

Masu dakon albasa daga fadamun Goronyo sun san shi, su da ke ɗora buhu biyu su fito daga laka ba tare da an tura su ba. Wani malamin firamare da aka kai Dinawa ya yi wata uku yana isa makaranta da wando jiƙe da gumi saboda turin babur, har ya fara rubuta takardar neman canji. Yini ɗaya baburinsa ya yi a rumfar Maccido, yau shekararsa tara a can. A kasuwar Marnona, in an ga babur na hawan tudu da hatsi a hankali kamar bai damu ba, akan ce wannan ya bi ta hannun tsohon. Duk waɗannan an san su. Wanda ba a sani ba shi ne aikin da ya hana shi cin abinci a daminar nan da muke ciki.

Wata Talata da hantsi wani manomi mai suna Bube, daga wani ƙauye a bayan Kwargaba, ya tsayar da babur a bakin rumfar. Babban babur ne, mai dogon ƙaho da faffaɗar kujera, irin wanda mutum uku za su zauna a sake. Ƙararsa tun daga nesa ta sa Maccido ya yamutsa fuska. Bube ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye wani ɗan kwali a kan buhun sifanoni. Sabon fistin ne, babba, ya sayar da rago ya saye shi.

"Baba, so nika ka buɗe injin ga ka hwaɗaɗa shi, ka sa mishi wanga. Ina son shi yi gudu."

"Ina kaka zuwa da shi?"

"Nan asibiti."

"Mi kaka ɗauka?"

Bube ya dubi ƙasa. Sannan ya ba shi labari. Tsakanin ƙauyensu da hanya akwai wata ƙorama mai faɗin yashi, a ƙetarenta kuma gaɓa ce mai tsayi da sai an hau. Da damina mota ba ta zuwa can. Shekara biyu da suka wuce naƙuda ta yi wa matarsa Husainatu gardama, ya ɗora ta a tsakiya, mahaifiyarsa Inna Kyauta ta zauna a baya ta riƙe ta. Suna tsakiyar hawan gaɓar babur ya mutu. Ya buga, ya buga, ya tashi ya sake mutuwa. Kafin a samo amalanken shanu a kawo ta gari rana ta yi ja. Yaron ya zo babu rai, ita kuma wata biyu ta yi ba ta iya tsayuwa. Yanzu ga wani cikin ya shiga wata na tara, ma'aikaciyar awo ta ce kada a kuskura a bar ta ta haihu a gida, da ta ji alama a taho.

"Da na yi gudu ran nan, Baba, da na wuce wurin," in ji Bube.

Maccido ya tashi ya buga babur, ya kara kunne. Ya shafa salansa ya ji an fasa ta, ƙanen Bube ne ya yi wannan ɓarnar don a ji shi ranar wani biki. Samari na ɗauka ƙara ƙarfi ce, ba su san fasasshiyar salansa tana zubar da ƙarfin tashi ba. Ya tsuguna ya bi faifan sarƙa na baya da babban yatsa yana ƙirga haƙoransa, ya ji ƙarami ne, Bube ya sa shi don ya rage shan mai a kan kwalta. Ya matsa kuloci ya sake, ya ji yana zamewa. Sannan ya ɗauki kwalin ya miƙa wa mai shi.

"Riƙe abinka. Ba ni sa shi."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Babban fistin yana ƙara ja, wannan gaskiya ne. Amma sabon fistin sai an yi makonni ana lallaɓa shi babu kaya kafin ya saba da gidansa. In aka ɗora masa mutum uku aka tura shi cikin yashi yana sabo, zai yi zafi ya kame, kuma injin da ya kame babu bugun da ke tayar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, Husainatu kuwa ko gobe tana iya tashi da ciwo.

Bube bai ji wannan karatun ba. Mutumin da ya binne ɗa ba ya son a ce masa ya rage gudu. Ya miƙe tsaye, ladabin da ya zo da shi ya gudu.

"Baba, in ba ka iyawa ka hwaɗa min in tahi wani wuri. Dama ana cewa idonka ya tahi."

Attahiru mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa, yana shirin shiga maganar. Maccido ya ɗaga masa hannu.

"Idona ya tahi, ba su yi ƙarya ba. Kunnena dai yana nan. Ba ni kwana ukku. In bai hau gaɓar ga da mutum ukku ba, ni da kaina nika raka ka wurin wanda ka sa ma fistin."

Bube ya bar babur ya tafi ba tare da sallama ba.

Maganar idon ta yi wa Maccido ciwo, amma ba ita ta tsaya masa a rai ba. Tsoro ne ya kama shi. Ya san ya ƙi abin da ya fi komai ƙara wa inji ƙarfi, ya zaɓi ƙananan gyare-gyare da ya yarda da su. In suka gaza, ba buhun albasa ne zai zube a yashi ba. Ya koma gida da azahar, Bara'atu ta ajiye masa tuwo ya yi loma biyu ya ture. Ta tambaye shi mi ya faru, ya ce babu komai, ta ce shekara talatin da bakwai tana jin wannan babu komai ɗin.

Washegari ya hau mota ya tafi Sakkwato da kansa. Ya bi shagunan kayan babur yana ƙirga haƙoran faifai da yatsa, masu shago na kallonsa suna murmushi, har ya samu babba mai haƙora arba'in da biyar, wanda zai rage gudu ya ƙara ja. Ya haɗo da sarƙa mai tsawo, da sababbin farantan kuloci, da salansa lafiyayya. Ya dawo ya zauna a kai. Bawul kuwa da kunne ya daidaita shi. Da ya zo kan kafireto, wani ɗan ƙaramin noti ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa cikin ƙasa. Ya lalaba, ya lalaba, bai ji shi ba. Sai da aka aika gida aka karɓo rariyar Bara'atu, shi da Attahiru suka tankaɗe ƙasar rumfar tas kafin notin ya fito. Attahiru ya yi dariya har da hawaye. Maccido bai yi ba, yana tunanin abin da kuma hannun nan zai iya yi bai sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Bube ya zo. Ya hau ya zaga ya dawo fuska a murtuke, ya ce ko keke zai iya wuce shi. Maccido ya ce ba a kan kwalta za a gwada ba, a tafi ƙoramar. Bube ya ce to a ɗora buhunan gero. Tsohon ya girgiza kai.

"Buhu bai jin tsoro, kuma bai motsi. Ni ka zama inda matarka ka zama. Attahiru, kai ad da jiki, hau baya ka zama Inna."

Haka suka tafi, dattijo mai furfura a matse a tsakiya, mai faci ya rungume shi ta baya, mata a gonakin wake suna rufe baki da gyale. Kwana goma rabon sama da ruwa, yashin ƙoramar ya bushe ya yi laushi. Da Bube ya hango gaɓar sai waccan ranar ta faɗo masa a rai. Ya murɗa totur, ya shiga yashi a guje da giya ta uku, da ya ji babur na nauyi ya nemi canza giya a tsakiyar hawa. Injin ya yi tari biyu ya mutu. A daidai wurin da ya mutu shekara biyu da suka wuce.

Bube ya kifa goshi a kan ƙahon babur. A wannan lokacin Maccido shi kansa bai san ko aikinsa ne ya gaza ko hannun mai tuƙi ba. Ya daure ya ce a sauko da babur a koma baya.

"Tun kahin ka taɓa yashi ka sa giya ta hwarko. Kak ka canza ta ko mi ka ji. Totur kuma ka riƙe shi wuri guda."

Suka sake hawa. Wannan karon Maccido ya miƙa hannu daga bayan Bube ya kama wuyan hannunsa ya danne. Babur ya shiga yashi yana gurnani ƙasa-ƙasa, tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da ita. Ya kama gaɓar, tayar baya ta ɗan juya a banza, ta sake kamawa. Bube ya so ya murɗa, hannun tsohon ya hana. Sai ga su a sama. Attahiru ya yi kabbara kamar an ci yaƙi. Maccido ya ce a koma. Sau bakwai suka hau a ranar, uku na ƙarshe bai riƙe masa hannu ba, washegari ma suka dawo.

Kai ne, Maccido, ka bar rumfarka yini biyu a buɗe, masu gyara suna zuwa suna komawa, kana can kana shan jijjiga a kan ƙashin bayan da likita ya ce ka daina wahalar da shi. Kai ne aka gaya wa baƙar magana a gaban maƙwabcinka, ka haɗiye ta don ka ga wanda ya faɗe ta a firgice yake. Na Bara'atu, mai ji da kunne abin da masu ido suka kasa gani.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ruwa ya kwana yana zuba har gari ya waye. Da hantsi wayar Maccido ta yi ƙara. Bube ne.

"Baba, naƙuda ta tashi. Kuma ƙorama ta kawo, ruwa ya kai ƙwauri."

Duk gwajin da suka yi a busasshen yashi suka yi shi. Maccido bai taɓa jin yadda babur ɗin nan ke yi a ruwa ba, bai san yadda gaɓar take in ta jiƙe ba. Shekara arba'in da ɗaya yana aiki, ga damina a tsakiyarta, amma bai tuna ya jira ranar ruwa ya gwada ba. Ya ji kunyar kansa, ya ji tsoro ya fi kunyar.

"Rage iskar tayar baya kaɗan. Giya ta hwarko. Kak ka tsaya cikin ruwa, ko hula ta hwaɗi bar ta. Ka ji ni, Bube?"

Wayar ta yanke. Ya kira, ba ta shiga. Ya ba Attahiru ya kira, ba ta shiga.

Daga ƙauyen zuwa gari tafiyar minti arba'in ce a ranar lafiya. Maccido ya ja benci ya kai bakin titi ya zauna, ga yayyafi bai gama ɗaukewa ba. Wani ya kawo babur a duba masa birki, ya ce ya dawo gobe. Ya fiddo carbi, ya rasa inda ya tsaya a ƙirga. A ransa yana ta kwance babur ɗin yana ɗaurawa: ya ƙara matse notin kafireto kuwa? Hular fulogi ta zauna daidai, ko ruwa zai shiga? Da ya sa fistin ɗin fa? Minti arba'in suka wuce. Awa ɗaya ta wuce. Duk babur da ya taho Attahiru sai ya yi ɗage ya leƙa, Maccido kuwa ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce, "Ba shi na ba." Aka kira azahar, karo na farko da Attahiru ya ga an yi kira tsohon bai motsa nan take ba.

Ladan bai kai ƙarshe ba Maccido ya miƙe zumbur.

"Ga shi nan."

"Ina? Ban ga kowa ba."

"Shi na. Yana tahe."

Can sai Attahiru ya hango su. Babur ya yi faca-faca da laka har tanki, Bube a jiƙe zuwa ƙugu, babu hula, babu takalmi ɗaya. Husainatu a tsakiya ta kwantar da kai a bayansa, Inna Kyauta ta naɗe ta da zane ta rungume. Suka wuce ta gaban rumfar ba su tsaya ba, Bube ko waiwaye bai yi ba. Maccido bai ga fuskar kowa ba, inuwa kawai ya gani ta gifta, injin yana bugawa daidai. Ya koma kan bencin ya zauna.

Bai bi su asibiti ba, ya ce ba wurinsa ba ne. Ya yi sallah ya dawo ya ci gaba da zama, domin isowa daban, sauka lafiya daban. Sai bayan la'asar Attahiru, wanda ya kasa haƙuri ya tafi jin labari, ya dawo yana haki. Mace aka samu. Sai da aka yi aiki aka ciro ta, kuma ma'aikatan sun ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sake. Uwa da ɗiya suna numfashi. Maccido ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya juya baya yana gyara sifanonin da ba su karkace ba.

Da Husainatu ta yi arba'in, Bube ya kawo ta rumfar. Ba ta taɓa ganin Maccido ba. Ta sauka da jaririya a goye, ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi. Sannan ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Baba, ran nan duk ciwon da nika ji, na san lokacin da munka kama gaɓar. Na ruhe ido ina jiran in ji ya mutu kamar wancan karon. Ina ta jira, ina ta jira. Sai na ji Inna na cewa mun hau."

Ta kwance goyon ta miƙa masa. Ya goge hannuwansa a riga har sau biyu kafin ya karɓa, ya kawo yarinyar dab da fuskarsa don ya iya ganinta.

Mun gode, Malam Maccido. Mun gode a madadin waɗanda suka isa inda za su ba su san hannun wa ya kai su ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin rufin asiri, ya saka maka da abin da mu ba mu iya biya. Ku kuma masu riƙe da sifana daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, tsohon yana nan a rumfarsa zuwa girbi, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku. Ku koyi ce wa mutum a'a yana tsaye a kanku da abin da ya saya a hannu, ku koyi bin aikinku har inda za a more shi. Wani babur ɗin da za a kawo muku gobe, mace mai naƙuda ce za ta hau shi.